Tsirkiya da Dutsen Awo

Zuwa ga Mamana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina nan lafiya kamar yadda muke ƙalau. Innarki na gaishe ki, ta ce in tambaye ki ko kina cin abinci a kan lokaci. Na ce mata mai karatu irin naki ai takarda take ci, ta harare ni.

Kada ki yi mamakin ganin wasiƙa. Kunnen nan nawa ya ƙara nauyi. In kin kira a waya sai in ji kamar daga cikin rijiya kike magana, in yi ta cewa "to, to, madalla," ban ma san abin da nake yi wa madalla ba. Gara in rubuta, Innarki ta ɗauki hoton takardar ta tura miki. Ke ma ki yi haka, amma da manyan baƙaƙe.

Ga abin da ya tayar da ni. Mai askin nan da ke jikin shagona ya tare ni shekaranjiya, aska na kan wuyana, ya ce, "Wai 'yarka Dakta ce, ba za ta duba min gwiwar nan ba?" Na ce ba irin wannan Daktar ba ce. Ya ce, "To wace iri ce? Me take yi?" Mutum uku na zaune suna jiran aski, duk suka zuba min ido. Daga ƙarshe na ce lissafi take yi. Ya ce, "Shekara goma sha biyar tana lissafi ɗaya, har yanzu bai fita ba?" Aka kwashe da dariya, ni ma na yi ta yaƙe.

Abin ya tsaya min a rai. Shekara arba'in da ɗaya ina gyaran sikeli, in aka tambaye ni sana'ata a numfashi ɗaya zan faɗa. 'Yar cikina kuwa ban san abin da take yi daga safe zuwa yamma ba, kuma kwanaki tafiya suke yi. Saboda haka ki zauna ki yi min bayani, irin wanda za ki yi wa mutumin da ya bar makaranta a aji shida. Kada ki sa min yaren 'yan boko. In kika sa, zan mayar miki da takardarki.

Allah ya yi miki albarka.

Naki,
Baba

*

Zuwa ga Babana,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da kyau, ina gaida Inna. Ka ce mata ina ci, har na yi kumatu. Shi kuma mai aski ka ce ya je asibiti, gwiwarsa ta fi ƙarfina.

Baba, na yi dariya da na karanta, daga baya kuma na ji kunya, don laifina ne. A duk gidanmu babu wanda ya fi ka kusa da aikina, ban taɓa gaya maka ba.

Bari in fara da tambaya. In ka ɗora dutsen awo na kilo ɗaya a farantin sikeli, me ke jawo shi ƙasa? Za ka ce nauyinsa. To mene ne nauyin? Daga nan aikina ya fara.

Masana suna da manyan dokoki kashi biyu. Na farko na manyan abubuwa ne, duniya da rana da taurari. Yana cewa abu mai nauyi yana lotsa sararin da ke kewaye da shi, kamar in ka zauna a katifa tabarau ɗin Inna ya gangaro wajenka. Duniya ta lotsa sarari, shi ya sa dutsenka ke gangarowa ƙasa. An gwada wannan sau ba adadi, bai taɓa ba da kunya ba. Kashi na biyu na ƙananan abubuwa ne, ƙwayar zarra da haske da lantarki. Da shi aka ƙera wayar da Inna ke ɗaukar hoton wasiƙarka. Shi ma an gwada, ya yi daidai fiye da duk wani sikeli da ɗan Adam ya taɓa ƙerawa.

Matsalar ita ce biyun ba sa ga maciji. Kowanne a unguwarsa gaskiya yake faɗa. Amma akwai wuraren da abu ke da matuƙar nauyi kuma da matuƙar ƙanƙanta a lokaci guda, kamar cikin tauraron da ya mutu ya rufta cikin kansa, ko farkon halittar sararin samaniya. A nan dole a haɗa su, kuma da an haɗa sai lissafi ya haukace, ya ba da amsar da ba ta da kai ba ta da gindi. An doshi shekara ɗari ana neman doka ɗaya da za ta ɗauke su duka.

Ɗaya daga cikin hanyoyin da ake bi ita ce tamu, ana ce mata ƙa'idar tsirkiya. In ka farfasa dutsenka har ya zama ƙwayoyin zarra, ka farfasa su ma, za ka isa kan wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da aka daɗe ana ɗauka ɗigo ne kawai. Mu muna cewa wataƙila kowannensu wata 'yar tsirkiya ce mai karkarwa. Tsirkiyar iri ɗaya ce a ko'ina. In ta kaɗa ta wannan salo ta zama ƙwayar lantarki, in ta kaɗa ta wancan ta zama haske. Ka ɗaure waya ta yi tauri ka taɓa ta, sannan ka danne tsakiyarta ka sake taɓawa, za ka ji abin da nake nufi.

Ga wurin da har yau yake sa ni ajiye alƙalami in yi tagumi. Waɗanda suka fara wannan lissafin ba nauyi suke nema ba, wata matsala daban suke bi. Sai wani salon kaɗawa ya riƙa fito musu wanda ba su gayyata ba. Suka yi ta ƙoƙarin korarsa, ya ƙi tafiya. Da aka zauna aka dube shi da kyau, sai aka ga siffarsa ta yi daidai da abin da ya kamata ya riƙa ɗaukar nauyi daga wani abu zuwa wani. Nauyi, Baba, naka na shago. Babu wanda ya saka shi, da kansa ya shigo. Ranar da na fara bin wannan lissafin da hannuna har ya fito, fita na yi daga ɗakin karatu na zauna a matakala.

Amma ka riƙe wannan: har yau ba a tabbatar da ita ba. Zato ne mai ƙarfi, ba a kai ga yanke hukunci ba.

Ka huta lafiya.

'Yarka

*

Mamana,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, sai dai kin jawo min magana a gida.

Na yi abin da kika ce. Na kafa ƙusa biyu a teburin aiki, na ɗaure siririyar waya, na taɓa, ta yi kuka. Na danne tsakiya, kukan ya sirance. Na matsa gefe, ya sake wani. Waya ɗaya tal. Sai na ɗauko dutsen kilo na riƙe a tafin hannu, na ce yanzu kenan wannan abin da na sani tun ina saurayi, mai sanyi, wanda ba ya motsi, a cikinsa kaɗawa ce ke gudana ba dare ba rana? Da hannun da ke riƙe da shi, da fitilar da ke kaina, duk abu guda? Na ce tsarki ya tabbata ga wanda ya yi wannan aiki.

Ban san na daɗe a haka ba sai da wata mai sayar da kayan lambu ta buga tebur. Ashe ta yi sallama uku da sikelinta a hannu, tana kallon tsoho yana sauraren dutse. Labari ya riga ni isa gida. Innarki ta ce in dai wasiƙun nan za su sa a fara nuna ta a layi, to ta daina ɗaukar hoto. Ƙarya take yi, sau biyu ta sa na karanta mata wurin katifa, ta ce dama ta san ni ke jawo mata ɓatan tabarau.

Maganar nauyin da ya shigo ba gayyata ita ta fi kama ni. Na kwana biyu ina juya ta. Amma kin san halina, daɗin magana ba ya sa in buga hatimi a sikeli. Tsirkiyar nan, yaya girmanta? Wa ya taɓa ganinta? A kan me aka ɗora ta aka auna? Kuma ke, a cikin wannan babban aiki, wace ƙusa kike bugawa? Ki amsa min ɗaya bayan ɗaya, kada ki yi min tsallake.

Allah ya ƙara basira.

Baba

*

Babana,

Ina gaisuwa, ina fatan an daina nuna Inna a layi.

Girmanta ka tambaya. Ɗauki ƙwayar yashi mafi ƙanƙanta da idonka zai iya gani. A ce an hura ta, ta yi ta kumbura har ta kai girman duk sararin samaniyar da na'urorinmu ke hangowa, da taurarinsa kaf. To a cikin wannan ƙatuwar ƙwayar, tsirkiya ɗaya ba za ta wuce girman ƙwayar yashin da ka fara ɗauka ba. Ni kaina da nake rubuta lambar kullum, in na tsaya na hango ta sai jiri ya ɗebe ni.

Wa ya gan ta? Babu. Babu na'urar da za ta iya, kuma da wuya a ƙera ta ina raye. Na san yanzu ka cire tabarau ka ajiye takardar. Ɗauko ta, da saura.

Lissafin yana da wani sharaɗi mai ban tsoro. Mu mun san fuska uku: gaba da baya, dama da hagu, sama da ƙasa, sai lokaci na huɗu. Ita tsirkiya ba ta yarda ta zauna lafiya sai an ba ta goma. Ina sauran shidan? Ka dubi zaren ɗinkin Inna daga bakin ƙofa, za ka ga tsawo kawai gare shi. Ka sa gilashinka na duba ƙananan sukurori, sai ka ga yana da kauri, a murɗe yake, ana iya zagaya shi. Haka muke zaton fuskoki shidan nan suke, a naɗe ƙanana a kowane wuri, har a tsakanin idonka da takardar nan. Yadda aka naɗe su kuwa shi ke yanke irin kaɗawar da tsirkiya za ta yi.

Ƙusata ke nan. Shekara huɗu na yi a kan wani salon naɗi guda. A ƙarshe wasu manyan lambobi biyu masu muni suka haɗu suka cinye juna, ba saura ko ɗigo. Sifiri cif. Baba, da ka ga kyansa. An buga takardar, manya uku sun duba sun sa hannu, ni kaina sau goma sha ɗaya na bi ta daga farko har ƙarshe.

Tunda ba mu da sikelin ɗorawa, gwajinmu shi ne a bi lissafi ta hanyoyi biyu da ba su haɗa komai ba. In suka fito wuri ɗaya, sai hankali ya kwanta.

Yanzu ga albishir, dama ina ɓoye shi sai ya nuna. Saboda takardar nan wata jami'a ta kira ni. Nan da mako biyar zan tsaya gaban kwamitinsu in yi bayaninta, in sun gamsu su ba ni kujerar dindindin. Ka san yadda nake: shekara biyu nan, shekara biyu can, gari uku ke nan, akwai kwalayen da ban ma kwance ba tun ƙaura ta farko. Shekarata talatin da shida, na gaji. Irin wannan kujera ba ta faɗowa sau biyu. In na samu zan kama gida mai ɗaki na biyu, ku zo ku daɗe. Ku taya ni da addu'a.

'Yarka mai ƙaunarka

*

Mamana,

Sallama. Innarki ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo, ta riga ta fara zaɓen zannuwan tafiya. Addu'a kuwa kullum muna yi.

Na gwada maganar ƙwayar yashi. Na je bakin ƙofa na ɗebo yashi na zuba a farar takarda, na zaɓi ƙarama, na daɗe ina kallonta. Mutum ba komai ba ne, amma kuma an ba shi kan da zai hango wannan. Abin ya fi ƙarfin bakina.

Sai dai wani wuri a wasiƙarki ya tsaya min. Bari in gaya miki yadda muke yi. Sikeli mai faranti biyu, in hannunsa ɗaya ya fi ɗaya tsawo ko da da kaurin gashi ne, zai iya tsayawa cak a tsakiya alhali kayan ba daidai suke ba. Ki auna sau ɗari, sau ɗari zai ba ki amsa ɗaya, kuma duk ƙarya. Maigidana da ya koya min aiki ba ya barin sikeli ya fita sai an sauya: abin da ke dama ya koma hagu, na hagu ya koma dama. In ya sake tsayawa, to lafiya. In akwai cuta, nan take za ta fito.

Da kika ce kuna bin lissafi ta hanya biyu, na ce madalla, ashe su ma suna sauya faranti. Amma da kika zo kan naki, cewa kika yi kin bi shi sau goma sha ɗaya. Ba ki ce ta hanya nawa ba. Kin sauya, ko duk a faranti ɗaya ne?

In tambayar jahilci ce ki yi dariya ki wuce. Tsohon mai gyaran sikeli ne kawai ba ya iya ganin allurar sikeli bai taɓa ta ba.

Allah ya ba da sa'a.

Baba

*

Baba,

Ina gaisuwa. Ka yafe min shirun mako uku da rashin ɗaukar wayar Inna. Lafiyata ƙalau.

Na yi dariyar kamar yadda ka ce. Washegari na kasa karyawa. Ban sauya ba, Baba. Hanya ta biyu tana da tsawo da wahala, amsar kuma ta yi kyau har na ce abu mai kyau haka ba zai zama kuskure ba. Manyan nan uku ma sawuna suka bi.

Na rufe ofis na bi ta biyun, kwana goma sha shida. Ba sifiri ba ne. Akwai wani ɗan guntun lissafi da na jefar tun a shafi na tara, na ce ba shi da tasiri. Yana da shi. Lambobin ba su cinye juna ba, an bar saura, ɗan kaɗan, amma ya isa ya rushe duk abin da na gina a kai. Na sake bi sau biyu ina roƙon Allah ya sa yanzu ne na yi kuskuren. Shekara huɗu.

Babu wanda ya sani, daga ni sai kai. Saura kwana tara in tsaya gaban kwamiti. In na yi shiru babu mai ganowa a ɗakin nan, na tabbata. Zan samu kujerar, in ya so baɗi in fitar da gyara a hankali, mutane na yin haka. In na faɗa, takardar da suka kira ni dominta ta mutu a gabansu, akwai mutum huɗu a bayana masu jiran kujerar.

Ina jin haushinka, ina jin kunyar jin haushin. Ban san abin da zan yi ba. In ka ce in yi shiru, zan yi.

'Yarka

*

Mamana,

Sallama. Na karanta, na rufe shago da rana tsaka na dawo gida. Innarki ce kaɗai ta san abin da zan gaya miki yanzu.

Da maigidana zai rasu ya bar min dutsensa na tagulla, kilo ɗaya, wanda da shi ake gwada duk sauran duwatsun shago. Ina son dutsen nan kamar me. Kowace Asabar sai na sa man goge ƙarfe da tsumma na murza shi har in ga fuskata a jiki. Masu kawo gyara suna yabawa, ni kuma ina hura hanci. Shekara goma sha ɗaya ina haka.

Wata rana na sayo sabon dutse mai hatimi don aiki ya yi yawa. Na ɗora su a faranti biyu, sabon ya rinjaya. Na sauya, ya sake rinjaya. Na ce sabon ne jabu. Na kai shi aka gwada, lafiyarsa ƙalau. Nawa ne ya rame, giram shida. Da hannuna na cinye shi, kaɗan-kaɗan, saboda so. Ba a goge dutsen gwaji, Mamana, ƙura kawai ake busawa. Maigidana bai taɓa gaya min ba, don bai zaci akwai wawan da zai yi ba.

Kin gane abin da wannan ke nufi. Duk sikelin da ya bi ta hannuna a waɗancan shekarun yana tauye mai saye, masu shi ba su sani ba. Kuma babu mai ganewa, wa ke jin giram shida a hannu? Na ce zan riƙa gyarawa a ɓoye in sun kawo, magana ta mutu.

Ba zan yi miki ƙarya ba, mako uku na yi shiru. Sai wata tsohuwa mai sayar da hatsi ta biyo ta ƙofar shago, ba gyara ta kawo ba, gaisuwa kawai. Ta ce, "Ni dai tunda kai ke duba min sikeli, ban taɓa fargabar haƙƙin kowa a kaina ba." Ta yi min addu'a ta wuce. Na shiga ciki na zauna a ƙasa.

Washegari na kai kaina ofishin masu duba awo, na ajiye musu dutsen a tebur. Daga nan na bi shago sittin da huɗu da ƙafa, ina faɗa da bakina ina gyarawa. Wani ya zage ni a gaban jama'a. Tsohuwar kuwa kallona kawai ta yi, na fi son zagin. Aka karɓe lasisina shekara guda. Rabin masu kawo min aiki ba su dawo ba har yau.

Kina da shekara bakwai lokacin. Kin tuna shekarar da nake zaune a gida kullum, muna jera ƙananan duwatsun awo a tabarma ina koya miki haɗawa da ɗebewa? Kika riƙa gaya wa ƙawayenki Babanki ya samu dogon hutu. To ba hutu ba ne.

Ba zan ce miki ki yi shiru ba, ba kuma zan ce abin zai zo da sauƙi ba. Ni ban ga wani lada a fili ba, wahala na sha, Innarki ta sha fiye da ni. Abin da na sani kawai, a mako ukun nan ko ruwa na sha ba ya wuce min.

Wani abu kuma. Da kika ce ba a taɓa ganin tsirkiyar nan ba, a raina na ce to ai kowa sai ya rubuta abin da ya ga dama. Yanzu na ga ba haka ba ne. Kin so sifiri da duk zuciyarki, shekara huɗu, abin ya ce a'a. Abin da ba a gani, ba a taɓawa, amma yana da nasa nauyin da ba ya sauyawa don an so shi. Yau na yarda aikinki aiki ne.

Haushina kuma ki ji, kin samu izini. Dutsen yana nan a ƙasan akwatina, sun mayar min da shi bayan sun soke hatiminsa. Duk abin da kika yi, ke 'yata ce.

Baba

*

Babana,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna.

Na faɗa. Tun kafin in buɗe shafin farko na ce musu takardar da kuka kira ni dominta tana da kuskure a shafi na tara, ni na gano shi, ga shi. Sai wata tsohuwar farfesa ta tashi ta karɓi alli a hannuna, ta ce in nuna mata sauran da ya rage a lissafin. Awa uku muka yi a jikin allo, mu biyar, an manta da shayi. Babu wanda ya san abin da 'yar lambar nan take nufi. Ta kowace hanya aka bi sai ta fito, ita ɗin dai, ba ta ƙaruwa ba ta raguwa. Ina tsaye ina kallonta, ga baƙin ciki ga mamaki, ban san wanda ya fi yawa ba.

Jiya suka rubuto. An ba wani kujerar. Na shiga bayi na yi kukana, na wanke fuska, na aika wa mujallar da ta buga aikin takardar janyewa. Aikina na nan zai ƙare nan da wata huɗu, bayan shi ban san inda za ni ba. Ka ba Inna haƙuri, ta mayar da zannuwanta akwati.

Ni zan zo, ranar goma ga wata. Shekara ashirin da tara ina cewa a duk ƙuruciyata babu shekarar da ta kai waccan daɗi, ban san abin da ka biya ba. Ka fito min da dutsen, ina so in riƙe shi a hannuna. Kuma don Allah, Baba, kada ka goge shi.

'Yarka